Yadda ake ƙawata ɗaki da yadin furanni irin na Suwidin a lokacin bazara

A watan Yuni rana takan yi kusan sa'o'i 18 a sararin samaniyar Stockholm, shi ya sa aikin farko a gidajen Suwidin shi ne sauke labulen hunturu masu kauri domin haske ya shigo. Bango kuwa a bar shi fari. Haka Josef Frank ya fi so, wato mai zanen gine-ginen nan ɗan Ostiriya da ya koma Suwidin a 1933, wanda ya zana wa shagon Svenskt Tenn, da Estrid Ericson ta kafa a 1924, yadudduka masu manyan furanni da ganyaye da har yau ake bugawa.

Daga nan sai a zaɓi yadi guda ɗaya tak mai manyan furanni, na lilin ko na auduga. Frank kansa yakan haɗa zane da zane, amma wannan aikin gwani ne, kuma sabon shiga da ya sa furanni a labule da kujera da matasai duka, ɗakin cunkushewa yake yi. Yadin Svenskt Tenn yana da tsada ƙwarai, saboda haka wanda aljihunsa bai kai ba ya sayi na matasai biyu kawai.

Wurin yanka ne mafi yawan mutane ke yin asara. Babban zane yana maimaita kansa ne bayan tazara mai tsawo, wani lokaci fiye da rabin mita, don haka idan aka auna taga kawai aka sayi daidai tsawonta, labulen dama zai fara da fure, na hagu kuma da guntun reshe. A auna wannan tazarar tun a shago, a ƙara tsawonta a kan kowane falle. Idan yadin mai wankuwa ne, a wanke shi a goge kafin almakashi ya taɓa shi, domin lilin yana tsukewa a wankin farko. Sannan a shimfiɗa fallayen gefe da gefe a ƙasa, a daidaita furannin, a yi alama da alli, kuma kada a bar wa tela wannan hukunci. A matashi ma, fure mafi girma ya zauna a tsakiya, ko da za a yi asarar ƙyalle.

Kujeru da tebura su kasance na katako mai haske, masu dogayen ƙafafu, yadda ido zai ga inda bango ya haɗu da daɓe. A ƙasa a shimfiɗa siririyar dardumar tsumma da suke kira trasmatta, sannan a zuba furannin daji a tulun gilashi, a riƙa canza musu ruwa kullum.