Yadda sabon mai hoto a Bauchi zai zaɓi fannin da zai tsaya a kai

Yawancin matasan da suka sayi kyamara suna fara sana'a ne da karɓar duk aikin da ya samu, yau suna, gobe fasfo, jibi taron siyasa, kuma hakan ba laifi ba ne a watannin farko, domin da haka hannu yake faɗawa. Sai dai wanda ya shekara biyu a kan wannan hali ba a san shi da komai ba, kuma ranar da uwar amarya ta tashi neman mai hoto, sunan wanda ya yi fice a harkar biki za a ambata mata.

Kafin ka duba kuɗin da ke cikin kowane fanni, fara duba ƙofar da za a buɗe maka. Mafi yawan hidimar biki a garin nan, kamar kamu da sa lalle da buɗar kai, a cikin gida ake yin ta tsakanin mata, kuma gidaje da dama ba su yarda namiji baƙo ya wuce zaure ba. Saboda haka mace mai kyamara tana da kasuwar da ba ta da cunkoso, domin ita ce za ta zauna a ɗakin amarya tun ana ɗaura mata ɗankwali, ta ɗauki zanen lallen hannunta kafin mayafi ya rufe shi. Namiji kuwa ƙarfinsa yana wajen ɗaurin aure da walimar ango da hawan sallah, kuma idan ya ƙudurta sai biki, to ya koya wa ƙanwarsa ko matarsa aikin su raba shi.

Bayan haka, auna kayan aikinka ba tare da yaudarar kai ba. Biki ba ya maimaituwa, don haka a ganina bai dace mai kyamara ɗaya da batir ɗaya ya karɓi kuɗin mutane a kansa ba. Hoton fasfo yana buƙatar shago a inda jama'a ke wucewa, kamar kewayen Kasuwar Wunti, da farin kyalle a bango, da injin wanke hoto, da sola ko janareta. Ribarsa kaɗan ce, amma kullum ana samu. Wanda ba shi da kuɗin haya zai iya farawa da hoton mutum ɗaya a waje, inda gilashin gaban kyamara (lens) mai milimita 50 ko 85 yake fito da fuska ya dusar da abin da ke bayanta, musamman a hasken bayan la'asar. A lokacin hunturu a guji sauya gilashi a fili, domin ƙura tana shiga cikin kyamara ta bar ɗigo a kowane hoto.

Kowane fanni yana da kakarsa. Bukukuwa suna yawaita bayan girbi da kuma gab da azumi, sannan su lafa idan watan ya kama. Ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji suna neman hoto ne lokacin kammala karatu, masu yi wa ƙasa hidima kuma mako 3 suke yi a sansanin Wailo. Ɗauki fanni ɗaya babba, ka haɗa shi da ƙarami wanda lokacinsa bai ci karo da na babban ba.

Ba wa kanka wata 3 na gwaji, kana rubuta abin da kowane aiki ya kawo, da kuɗin mota da na wankin hoto, da awannin da gyaran hoto a kwamfuta ya ci, domin nan ne ribar biki take zurarewa ba a sani ba. Idan ka tsayar da shawara, hotunan wannan fanni kaɗai za ka riƙa sawa a Facebook da Instagram, kuma kada ka saka hoton amarya ko na jariri sai ka nemi izinin masu shi sun amince.