In kana son zama akitek mai raya tsoffin gine-gine, ga ta inda za ka faro

Ƙanena, ka ce kana son aikin ga, to zauna in gaya maka. Karatun boko dai ba makawa, ka nemi kwas ɗin zanen gini a ABU Zariya ko BUK, ka yi digiri ka ƙara da mastas, ka yi aiki ƙarƙashin wani babba sannan ka nemi rajistar ARCON, hukumar da ke yi ma masu zanen gini rajista a Najeriya. Wannan kowa ma zai gaya maka. Abin da ba a cika gaya ma yara ba shi ne rabin ilimin aikin ga baya cikin aji, yana hannun tsoffin magina, kuma wallahi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Don haka tun kana hutun farko ka nemi tsohon magini cikin gari ka ce Baba na zo koyo. Ka cire takalmi ka taka ƙasa da ƙafarka, ka ga yadda ake barinta ta kwana ta ruɓa da ciyawa kafin a murza tubali, ka ga yadda ake jera azara. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara bata cika cinta ba, amma bata ɗaukar nauyin rufi in faɗin ya kai mita biyu, shi ya sa magabata sunka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da azara masu tallabe rufi, don ɗaki ya yi faɗi. In ka samu hali ka je masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina ka ɗaga kai ka kalla, nan za ka gane abin da nake nufi.

Ranar da aka kira ka duba tsohon gini kar ka taɓa komai tukuna. Ɗauki hoto ta kowace kusurwa, auna da tef, zana shi yadda ka same shi har da karkacewarsa, sannan ka zauna da dattawan gidan su gaya maka wa ya gina, yaushe aka canza ƙofa, wace damina ce ta fara tsaga bango. Daga nan ka bi sawun ruwa, don ruwa shi ne ke kashe ginin ƙasa, ba tsufa ba. Hau soro ka duba indararo, sau da yawa za ka tarar leda da kashin tantabara sun toshe shi ruwa na kwanciya bisa rufi. Sauko ka duba gindin bango, in an ɗaga titi ko kwata ta fi gidan tudu to nan ciwon yake. Ƙwanƙwasa bangon da hannu, inda ka ji yana amsawa kamar ganga yaɓen ya rabu da jikinsa. In akwai tsaga ka sa mata alama ka rubuta kwanan wata, bayan wata biyu ka dawo ka gani ko tana ƙaruwa.

Sai maganar siminti, nan fa raina ke ɓaci. Akwai wani zaure a unguwarmu da na taso ina karatun allo cikinsa, masu gidan da kyakkyawar niyya sunka yi masa filasta da fenti, kowa na sambarka. Danshi na hawa daga ƙasa ba hanyar fita, cikin bangon ya zama kamar kunu, wata damina filastar ta ɓallo gaba ɗaya ta tafi da rabin bangon. Bangon ƙasa numfashi yake yi. Ka mayar masa da irin ƙasarsa, ka shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, rufi kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya da dafara, mu kuwa a Sakkwato da majemanmu gashin akuya ba abin nema ba ne. Yaɓe kafin ruwan Yuni ake yinsa, duk shekara in da hali, kamar yadda mutanen Jenne a Mali ke fitowa gari guda su yaɓe masallacinsu.

Wuraren koyo muna da su. Garin ga namu na Sakkwato da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, ka zagaya Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Aliyu Jeɗo, ka tambayi tsofaffi ina ganuwa ta bi, ka shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu, ka je kufan Surame na Kanta ka ga ganuwar dutse. In wuri yana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa sai da izinin NCMM, hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, za ka sa masa hannu, in na iyali ne kuma ka fara da gaisuwa wurin mai gida da mai unguwa, kar ka shigo da takarda a hannu kamar mai karɓar haraji.

Kuɗi kam ba kamar na masu zana filaza ba ne, yawanci dole ka haɗa da zanen gidajen zamani ka ci abinci. Amma ka tuna Falke Barmu, magini ne na ƙauyen Yama can wajen Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da ya gina ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake bayarwa a duniya, a 1986. Ka sayi littafin rubutu da tef tun yanzu, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu in raka ka wurin Baba magini.