Yadda za ka gane wa ke da gona a ƙauyen inabi na Turawan da

Ƙanena da ke karanta tarihi a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ne ya zo min da asamen kan ƙauyukan inabi na Faransa a zamanin da, wai kansa ya ɗaure. Na ce ajiye littafin tukuna, ba ruwanmu da giyar da suke matsewa, gona muke bi. Ga yadda muka yi da shi ko wani zai amfana.

Farko dai kar ka tsaya kan gonar ta waye, tambayi wa ke cin me a cikinta, don gona ɗaya sai ka tarar mutum uku ke da haƙƙi a kai. Manomi na nomawa har ɗansa ya gada, amma duk shekara sai ya kai wa ubangidan ƙauye kuɗin ƙasa, coci kuma ta kwashi ushirinta. In ka tuna yadda dagaci da hakimi ke tara haraji zamanin En'e toh ka kama bakin zaren.

Sai ka nemi yarjejeniyar dashe. Inabi fa ba gero ba ne da za ka shuka da damina ka girbe da kaka, sai ya shekara huɗu ko biyar kafin ya yi 'ya'yan kirki, shi ya sa mai ƙasa zai ba ka saura ka share ka dasa ka yi ta wahala, in ta kama ku raba gonar ko ka riƙa ba shi kaso duk girbi. Complant suke ce masa. Noma-mu-raba ne kawai mai dogon zango.

Wajen mulki kuwa, duba wa ke sa ranar tsinka. Ba ka isa ka taɓa inabin gonarka ba sai an yi shela, don masu karɓar kaso su samu tsayawa a kai, ɓarawo ma a gane shi. A wurare da yawa matsewar ma dole sai a injin katakon ubangida, ka biya. Amma masu gadin gona galibi 'yan gari ne ke fitar da su, a nan za ka ga ɗan ikon talakawa.

In malami na son misali ba shi Clos de Vougeot, wata gonar inabi a yankin Bargundi na Faransa. 'Yan zuhudun Kirista na Cîteaux, da aka kafa gidan ibadarsu a 1098, su suka tara filin da kyauta da saye, suka zagaye shi da katanga, wajen hekta 50. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya ƙwace aka yi gwanjonsa, yau masu shi sun kai 80, wani ma 'yan layuka kaɗan gare shi, kamar gonar gado da aka raba wa jikoki.

Shi dai ƙanen nawa na tura shi Rimi wajen Baffa ran Juma'a, ya tambayo wane dagaci ne ya yankar wa kakanmu fadama, da abin da ake kai masa in an yi girbi.