Babi na Shida: Sauraren Faifan CD da Iyafis a Ɗaki

Wannan babi na masu ƙaramar na'urar CD ne, mai kama da faranti, wadda ake sa wa iyafis. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da irinta a 1984, kuma har yau ana samun tokumbo a kasuwar Alaba. Mai zaman gidan haya a Agege ko Idi-Araba ya san amfaninta: ɗaki jikin ɗaki, yara na barci, janaretan maƙwabci na ruri, kai kuma kana son jin karatun Alƙur'ani ko tafsiri. Ko an ɗauke wuta za ta yi aiki. Ku ɗauko taku mu bi a hankali, babu gaggawa.

Darasi na 1: Batir

Nemi ɗan murfin batir. Yawanci yana ƙasan na'urar, a wasu kuma yana ciki, wurin da faifai ke zama. Galibi batir biyu take ci, irin na agogon bango, mai rubutun AA. Kan batir mai ɗan tsini shi ne mai alamar +. Gindinsa mai faɗi shi ne mai alamar −, kuma shi ke taɓa ƙarfen nan mai murɗe. Kada a haɗa tsoho da sabo.

Darasi na 2: Sa faifai

Nan ne aka fi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe. Danna madannin da aka rubuta OPEN, murfi zai tashi. Yanzu dubi faifan. Fuska biyu gare shi: ɗaya mai rubutu ko hoto, ɗaya mai sheƙi kamar madubi. Mai rubutun ce take kallon sama. Mai sheƙin tana kallon ƙasa, domin idon na'urar, ɗan gilashin nan da kake gani a ciki, daga ƙasa yake karanta faifai.

Mu maimaita: rubutu sama, sheƙi ƙasa. Baba, faɗa da bakinka, babu kunya. Hajiya, ke ma faɗa. Idan ka ɗora faifai ka ga fuskarka a jikinsa, to ka kifa shi ba daidai ba. Ɗaga, juya.

Riƙe shi ta gefe da gefe, ko ka zura yatsa a ramin tsakiya. Ɗora ramin a kan ɗan turken da ke tsakiyar na'urar, ka danna kusa da ramin da yatsu biyu har sai ka ji ƙas. In ba ka ji ƙas ba, bai zauna ba. Faifan ba zai karye ba, danna. Sannan rufe murfi.

Idan allon ya nuna NO DISC, na'urar tana cewa ba ta ga faifai ba. Kafin ka ce ta lalace, buɗe ka duba: rubutu yana sama? Ka ji ƙas? A ajinmu na dare na ga dattijo ya kai tasa wurin mai gyara, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ashe faifan ne a kife. Wanda bai iya ba yau, gobe zai iya. Amma jama'a, mako uku ke nan muna kan wannan abu ɗaya, kuma har yanzu wasu na zuwa da faifai a juye, duk shatin yatsa da maiƙon miya. Wannan rashin kula ne, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. A gida ku gwada sau biyar kafin ku kwanta: buɗe, rubutu sama, danna, ƙas, rufe.

Faifan fim ba ya yi a wannan na'ura, kada a wahalar da ita.

Darasi na 3: Iyafis da murya

Tura bakin wayar iyafis cikin ramin da ke gefe, mai hoton iyafis, har ƙarshe. In bai shiga duka ba, kunne ɗaya ne zai yi magana. Mai harafin L na kunnen hagu ne, mai R na dama. Rage murya tukuna, sannan ka sa a kunne, ka ƙara kaɗan-kaɗan. In aka yi sallama a bakin ƙofa ba ka ji ba, ta yi yawa, kuma ƙara mai yawa tana kashe ji a hankali.

Darasi na 4: Madannai

Mai kusurwa uku, kamar kan kibiya, shi ne na kunnawa. Sanduna biyu a tsaye, dakatawa. Mai kusurwa huɗu, tsayarwa. In ka danna komai ya ƙi, duba wani ɗan makulli mai rubutun HOLD ka mayar da shi baya. In har yanzu shiru, koma Darasi na 2.

Darasi na 5: Adana

Goge faifai da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki. Cire batir in na'urar za ta daɗe a ajiye, don danshin Legas na sa tsatsa. Mayar da faifai gidansa.