Yadda nake kulle kod a ATmega328P na injin ƙyanƙyasar ƙwai

Ni dai abin da ya koya min hankali bara ne, na haɗa wa wani dattijo injin ƙyanƙyasa a ƙauyenmu nan gefen Ringim, ya ɗan samu matsala sai ya kai wa wani mai gyara a birni, ba a yi wata biyu ba na ga irin allona sak ana sayarwa har da kuskuren rubutun da na yi a sikirin. Wayar USB kawai mai gyaran ya soka ya zuƙe kod ɗin duka. To ga yadda nake yi yanzu.

ATmega328P, cif ɗin da ke kan allon Arduino Uno, yana da ma'ajiyar filash 32KB inda kod ke zama, da EEPROM 1KB na ajiyar ƙananan abubuwa kamar kwana nawa ƙwai suka yi cikin 21 ɗin nan. Ka fara da EEPROM ɗin tukuna, don nan yara ke ɓarna. Kowane gurbi kusan sau 100,000 aka yi masa alkawarin rubutu, filash kuma 10,000 kacal. In ka saka rubutun a cikin loop, ɓangaren kod da ke ta maimaita kansa, yana yi duk sakan, wallahi kwana ɗaya da 'yan awanni ka cinye rabonsa. Awa-awa nake rubutawa ni, wannan ya fi shekara 11, kuma EEPROM.update nake amfani da shi ba write ba, shi sai lambar ta canza yake taɓa gurbin.

Sai batun wuta. Mu nan sola ne da tsohon batir, da asuba ƙarfin ya zube, in cif yana tsakiyar rubutu a lokacin sai ka tashi ka ga injin na cewa kwana 200 da wani abu. Maganin shi ne mai gadin wutar da ke cikinsa, BOD, mai tsayar da cif in wuta ta yi ƙasa da iyaka, Uno yana zuwa da shi a 2.7V, ni kuma ina ɗaga shi zuwa 4.3V, wato efuse, ɗaya daga cikin fiyus (saitocin da ke ajiye cikin cif), ya koma 0xFC, cif ɗin ya gwammace ya kwanta da ya rubuta shirme.

Yanzu kullewar. Nemi USBasp, firogirama ce, wato 'yar na'urar da ke rubuta wa cif kod kai tsaye, ba tsada. Kar ka loda kod ta USB yadda ka saba, loda ta firogirama ɗin kai tsaye don ya share butloda, ƙaramin kod ɗin da ke karɓar lodi ta USB, saboda in ka bar butloda a ciki ko ka kulle ƙofar gaba taga a buɗe take, shi da kansa zai karanto wa ɓarawo filash ɗin. Gama saita fiyus ɗinka duka, don bayan kulle ba sa canzuwa, ka gwada injin ya kwana yana juya ƙwai lafiya, sannan ka buga wannan umarnin na manhajar avrdude a kwamfuta

avrdude -c usbasp -p m328p -U lock:w:0xFC:m

Eh lambar ɗaya ce da ta sama, kar ta ruɗe ka, wurarensu daban. Daga nan ba mai karanta filash ko EEPROM ta waje. Hanyar buɗewa ɗaya ce, a goge cif ɗin gaba ɗaya, kod ya tafi da makullin, har EEPROM ma in ba ka kunna fiyus ɗin EESAVE ba. Shi ya sa kafin in kulle nake ajiye fayil ɗin a laftof da kuma imel, tunda ni ma mai shi ba zan iya ciro shi ba.

Masu cif ɗin STM32F4 kuma, makullinku RDP ne, ku tsaya a mataki na 1, in kun dawo 0 yana gogewa ne ku sake lodawa. Mataki na 2 ba ya komawa baya, ST-Link, firogiramarsa, ma ba zai ƙara ganin cif ɗin ba, na taɓa yin haka ga allo guda, yana nan cikin gwangwanin kusoshi.