Cire firiwil da ya ciza a tsohon keke

Kafin komai, don Allah kada ka yanke sifokin. Da ina yaron shago na yi wannan kuskuren a kan wani tsohon Raleigh: na ware gargaren, na tsaya da hob, wato tsakiyar ƙafar da sifoki ke kamawa, tsirara a hannu, babu inda zan kama in murɗa. Gargaren nan shi ne ƙarfinka. Bar tayar ma a jiki, da iskarta, hannu ya fi samun riƙo.

Abin da ke sa firiwil, wato haƙoran ƙafar baya da sarƙa ke hawa, cizo shi ne duk takun feda ƙara ɗaure shi yake yi. Keken da ya yi shekara 40 yana dakon buhunan hatsi, ga tsatsa, ba zai saki da lallashi ba.

Kwantar da ƙafar, ka ɗiga kananzir da ɗan baƙin mai a inda firiwil ya haɗu da hob, ya kwana. Idan yana da tsagi biyu, saka makullinsa, sannan ka mayar da notin ƙafar ya danne makullin. Tsagin ba zurfi, makulli ya zame sau ɗaya ya cinye bakin. Matse makullin a bais, wato abin matse ƙarfe na kan teburin aiki, gargare a kwance a sama, ka kama taya hannu bibbiyu kamar sitiyarin babbar mota ka juya hagu. Za ka ji ƙas. Tsaya nan, sassauta notin, sannan ka ci gaba.

Wanda ba shi da tsagi, ko aka riga aka ɓata masa baki, sai dai a sadaukar da shi. A fuskarsa akwai zobe mai ƙananan ramuka biyu. Shi zarensa a juye yake, dama ake buga shi da ƙusa da guduma ya buɗe. Shimfiɗa tsumma tukuna, don ƙananan boris za su zubo kamar gero. Ɗage haƙoran, cire 'yan harsunan da ke yin ƙarar nan, ka matse cibiyar da ta rage a bais, ka juya gargaren hagu.

In kana tunanin gasa shi don ya saki, ni dai ba na kusantar wuta da hob na alminiyon.

Tsohon Peugeot na Faransa kuwa, zarensa ya sha bamban da na Ingila, sabon firiwil na kasuwa zai ci masa zare. Kowanne ne, goge zaren tas, shafa giris, ka fara ɗaurawa da yatsu. In ya yi tauri tun zagaye na biyu, warware ka sake dubawa.