Mai son buga selki, fara da fatar

'Yan uwa, duk wanda zai ɗauki selki a wasanmu na ba da labari, inda kowane ɗan wasa ke taka rawar wani a cikin labarin, kada ya tsaya lissafin ƙarfin iyo da daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Fatar ce komai. A tatsuniyoyin tsibiran Orkni da Shetlan na Sikotland, selki dabbar teku ce (wadda ake kira seal da Turanci) mai tuɓe fatarta ta fito gaɓa a siffar mace. Masunci ya sace fatar ya kulle a akwati, ta zama matarsa dole, har da 'ya'ya. Ranar da ta gano maɓoyar, teku ta nufa.

Don haka kafin zama na farko, ku daidaita da mai jagorantar wasa: ina fatar take, cikin jaka ko ƙarƙashin dutse? Wa ya sani a cikin tawaga? In an sace, a hana selkin rikiɗa har sai ta ƙwato fatarta.